Jarumar Wasan Kwaikwayo da Alhakin Rawar da Take Takawa

Tun daga shekarar 2015 da tashar Arewa24 ta fara nuna shirin Daɗin Kowa, wasan kwaikwayo mai dogon zango, wato wanda ake rarraba shi kashi-kashi ana haskawa mako-mako har tsawon shekaru, ya jefa jarumai mata cikin wani hali da fim mai sa'o'i biyu bai taɓa jefa su ba, domin jaruma takan daɗe tana fitowa da ɗabi'a guda har sunan wasa ya danne nata na yanka. Daga nan tambaya mai nauyi ta taso: idan mace ta shafe shekaru tana fitowa a matsayin makira ko muguwar kishiya, shin tana da kaso a zunubin wannan hali?

Malaman fiƙihu sun daɗe da bambanta aikata abu da hakaito shi, wato kawo maganar wani ba tare da ƙudurce ta a zuciya ba, shi ya sa suka ce mai hakaito kalmar kafirci ba ya zama kafiri, kuma Alƙur'ani kansa ya kawo iƙirarin allantaka da Fir'auna ya yi, amma lada mai karanta ayar yake samu. A kan wannan ma'auni, makircin da ke cikin labari ba na jaruma ba ne, kuma shirin Labarina na Aminu Saira, wanda ya fara a 2020, ya nuna hakan a aikace, domin da Nafisa Abdullahi, wadda take fitowa a matsayin Sumayya, ta bar shirin, Fati Washa ce ta ci gaba da zama Sumayya, halin kuma bai bi wadda ta tafi ba.

Sai dai cewa "wasa ne" ba ya wanke komai, kuma a nan ne masu kare sana'ar sukan yi sakaci. Hadisin da Abu Dawuda da Tirmizi suka ruwaito ya nuna cewa aure da saki da kome suna ɗauruwa ko da an furta su da wasa, abin da ke nuna cewa akwai ayyukan da niyyar wasa ba ta sauya hukuncinsu. Hawayen jaruma na iya zama na ƙarya, amma suturar da ta sa a gaban kyamara da taɓa jikin wanda ba muharraminta ba abubuwa ne da suka auku da gaske, a jikinta kuma suka auku. Lokacin da ƙungiyar masu shirya finafinai ta MOPPAN ta kori jaruma Rahama Sadau a 2016 saboda bidiyon waƙar da ta yi da mawaƙi ClassiQ, a kan irin wannan aiki aka yi gardama, kodayake har yau akwai masu ganin hukuncin ya yi tsanani.

Babban zaluncin kuwa daga masu kallo yake fitowa, waɗanda sukan ɗauki halin wasa su liƙa wa mai shi, har su jefe ta da alfasha a Facebook ba tare da shaida ba, alhali takwaranta namiji da suka fito a fage ɗaya ba kasafai ake tuhumarsa ba. Suratun Nur ta yanka bulala 80 ga wanda ya yi wa mace kamammiya ƙazafi bai kawo shaidu 4 ba, kuma babu inda shari'a ta ce fitowa a talabijin na cire mace daga wannan kariya.