Rangwamen Da Allah Ya Yi Wa Matafiyi, Da Wanda Ya Yi Wa Kansa



Duk lokacin da hutun bazara ya kusa, 'yan'uwa ɗalibai da ke karatu a Turai sukan turo min tambaya iri ɗaya: Malam, mu huɗu ko biyar za mu haɗa kuɗi, mu sayi tikitin Interrail, kowa ya goya jakarsa, mu zaga Faris da Barlin da Biyana a jirgin ƙasa, ya halatta? Ya halatta mana. Alƙur'ani ya yi umarni a wurare da yawa a yi tafiya a bayan ƙasa don a ɗauki izina. Wanda ya tsaya a masallacin Kurɗuba, wanda Abdurrahman Ad-Dakhil ya fara ginawa, ya ga yadda ya koma coci tun 1236, ya sami wa'azin da ba zai samu a shafina ba.

Damuwata tana kan kalmar nan ta "araha". Gaba ɗaya tafiyar an gina ta ne a kan tsimi, kuma mai tsimi in bai kula ba, addininsa yake fara ragewa.

Allah Ya riga Ya yi wa matafiyi rangwame. Tafiyar da ta kai kimanin kilomita 80 ana ƙasaru, Azahar da La'asar da Isha'i su koma raka'a bibbiyu, kuma tsakanin Faris da Burasal kaɗai ya kai wajen kilomita 300. A mazhabar Imamu Malik, in ka yi niyyar zaman kwana huɗu cikakku a gari za ka cika sallah, to masu kwana biyu nan, kwana ɗaya can, suna cikin ƙasaru kusan duk tafiyar. Ga kuma haɗa salloli biyu. Saboda haka kafin ku zaɓi jirgi, ku ɗora jadawalin sallah a kan jadawalin jirgin. A Amsadam a ƙarshen Yuni rana ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe 10 na dare, asuba kuma ta shigo tun kafin ƙarfe 4. Wanda ya hau jirgin dare don ya tsira da kuɗin masauki, ya san a kan hanya asuba za ta same shi. Ya hau da shirin alwala, ya nemi inda zai tsaya, alƙibla tana kudu maso gabas. In tsayuwa ta gagara ya yi a zaune, amma kada ya bari rana ta fito.

Sai rangwamen da mutum ke yi wa kansa. Gado mafi araha a masaukan matasa galibi yana ɗakin da maza da mata ke kwana tare, ga mashaya a ƙasan bene. Da yawansu suna da ɗakin mata zalla, kuma in kun kai huɗu, ku kama ɗaki guda ku raba kuɗin. 'Yan Yuron da za a ƙara ba su kai darajar idonka da zuciyarka ba.

Wanda ya fi ba ni takaici shi ne hawa jirgi ba tikiti. A Barlin babu shinge a tashoshin jirgin ƙarƙashin ƙasa, shiga kawai kake yi, sai wani ya ce ai dukiyar kafirai ce. Subhanallah! Wa ya ba ka wannan fatawar? Bizar da ke cikin fasfonka alkawarin aminci ne, da shi ka shiga ƙasarsu, kuma malamai sun yi bayani cewa wanda ya shiga da aminci haramun ne ya ha'ince su a dukiyarsu. In an kama ka tarar Yuro 60 ce, mai binciken kuma ya karanta Muhammad ko Abubakar a katinka. In ba a kama ka ba, bashin yana nan a wuyanka.

Batun asusun haɗaka kuwa, yana da asali. Annabi (SAW) ya yabi Ash'ariyyawa, mutanen Abu Musa, saboda in guzurinsu ya yi ƙaranci sukan tara abin da ya rage a mayafi ɗaya su raba daidai, hadisin yana Bukhari da Muslim. To ba a ƙirga wa abokin tafiya loma. Ku naɗa shugaba guda kamar yadda ya zo a Abu Dawud game da mutum uku a tafiya, ku ba amintacce riƙon kuɗi, ya rubuta. A kowace tawaga akwai wanda aljihunsa ya fi na kowa rauni, kuma kunya ba za ta bar shi ya faɗa ba. Da ma'auninsa za a tsara masauki da abinci. In ya ce "ku je, na ƙoshi" a ƙofar gidan abinci a Roma, shugaba ya bincika, sau da yawa ba ƙoshi ba ne.

Wallahu a'alam.