Shin Ana Yi wa Tsuntsu Ƙarya?

Akwai wata sana'a da ba mu san ta sosai ba a nan Nijar, amma tana ciyar da gidaje da yawa a Ekwador, Kolombiya, Kwasta Rika, har da Gana da Yuganda: kai baƙi kallon tsuntsaye. Mutum zai taso tun daga Amurka ko Ingila, ya biya kuɗin jirgi da masauki, ya shiga kurmi kafin gari ya waye da madubin hangen nesa a wuya, don kawai ya ce idonsa ya ga tsuntsu kaza. Yana da jerin sunaye a littafi ko a salula, wanda ya gani duk sai ya sa masa alama. Nau'in tsuntsaye a duniya sun kai wajen 11,000. Kolombiya kaɗai tana da sama da 1,900, Ekwador kuwa, wadda ba ta kai kashi ɗaya cikin huɗu na faɗin Nijar ba, tana da sama da 1,600.

Sai dai kurmi ba kamar dajinmu ba ne. A nan kana tsaye bakin gona za ka hango shamuwa ko balbela daga nesa. Can itatuwa na kai mita 30 ko 40, ganye ya rufe sama, ƙasa duhu, a kan duwatsun Andis kuma ga hazo ya lulluɓe komi. Tsuntsun da kake nema yana iya kuka taku biyar daga inda kake, ka yini ba ka ga ko gashinsa ba. Shi ya sa baƙo ba ya rabuwa da ɗan jagora, wanda kunnensa ya san ɗaruruwan muryoyi. Da yawa cikin masu jagoran nan kuma suna da wata dabara a aljihu: muryar tsuntsun da aka naɗa, da ƴar ƙaramar lasifika. A kunna kukan, a jira kaɗan, sai ga shi ya fito fili yana waige-waige. Baƙi su ɗauki hoto, a sa alama, a wuce.

Tambayata ita ce: wanga abu ƙarya ne ko ba ƙarya ba ne? In ƙarya ne, laifin wa?

Amsar da ta fara zuwa bakin mutum ita ce, haba, ƙarya ai sai da harshe, tsuntsu kuwa ba shi da harshe irin namu. A ajin kimiyyar harshe ma an koya mana cewa Charles Hockett ya lissafa iya ƙarya cikin siffofin harshen ɗan Adam. To amma wannan yana magana ne kan wanda zai iya yin ƙarya, bai ce komi ba kan wanda za a iya yi wa. Kukan namijin tsuntsu da asuba yana da aiki. Yana sanar da sauran maza cewa wurin nan da mai shi, yana kuma kiran mace. John Austin, a littafinsa na 1962, ya nuna cewa akwai maganar da faɗinta shi ne aikatawa, kamar alkawari ko gargaɗi. Kukan tsuntsu irin wannan ne. Saboda haka in jagora ya kunna lasifika a tsakiyar yankin wani tsuntsu, saƙon da ya isa kunnen mai wurin shi ne, wani namiji ya shigo maka gida. Babu kuwa namijin. Jagora ya san babu, kuma yana so tsuntsun ya ɗauka akwai, don da bai ɗauka ba da bai fito ba. In an cire sunan tsuntsu an sa na mutum, babu wanda zai yi gardama kan sunan wannan aiki.

Tarbiyyar da muka taso cikinta ma ba ta auna ƙarya da wayon wanda aka yi wa. Akwai hadisin da Abu Dawuda ya ruwaito, na matar da ta kira ɗanta ƙarami da cewa za ta ba shi wani abu. Annabi (SAW) ya tambaye ta mi za ta ba shi, ta ce dabino, ya sanar da ita cewa da ba ta da niyyar ba shi komi da an rubuta mata ƙarya. Malamai kuma sukan ba da labarin wani mai neman hadisi da ya yi doguwar tafiya wurin wani mutum, ya tarar da shi yana yaudarar dabbarsa da ta kuɓuce, yana nuna mata kamar da hatsi a rigarsa alhali babu, sai ya juya bai karɓi komi daga gare shi ba. Darasin labaran biyu ɗaya ne: ana duba mai magana da niyyarsa, ko da mai sauraro yaro ne ko dabba.

Wani zai ce, to maharbanmu fa? Sun daɗe suna ɗaura kan burtu a goshi, su lulluɓe jiki, su yi rarrafe suna kwaikwayon tafiyarsa har su kusanci nama, ba mu taɓa kiransu maƙaryata ba. Tsuntsaye su kansu suna yi. A hamadar Kalahari akwai wani baƙin tsuntsu, dorongo, da ke yin kukan gargaɗi alhali babu shaho, ƙananan dabbobi masu kama da tunku su zubar da abincinsu su gudu, shi ko ya sauko ya ɗauke. Daji cike yake da yaudara, don mi za a ware jagora?

Wannan hujja tana da ƙarfi, amma a duba abin da ta tabbatar. Dorongo ba ya zama ya zaɓa, mu muna zaɓa. Maharbi kuwa mun yi masa uzuri ne saboda tukunyar gidansa. Ke nan ba mu ce yaudara ba komi ba ce, cewa muka yi akwai buƙatar da ke rinjayar ta. Sai a tambaya: wace buƙata ce a nan? Akwai wadda ba mai musu a kanta. A 1997, a duwatsun kudancin Ekwador, Robert Ridgely da abokan tafiyarsa sun ji wani kuka da ba su sani ba, suka naɗe shi, suka sake kunnawa, sai ga tsuntsun da ba ya cikin littafin kowa ya fito. Shi ne ake kira hokotoko, sunan da aka ɗauko daga kukansa. Shekara guda bayan haka aka kafa gidauniya da sunansa, ta sayi dajin don kada a sare. Ƙarya ɗaya ta tsirar da kurmi. Amma wannan daban yake da motoci uku a rana, kowace da lasifikarta, duk a bakin kututture ɗaya, don kowa ya cike jerinsa.

Kuma abin yana da tsada a wajen tsuntsun. Wanda ya fito neman abokin gaba ya bar neman abinci, wataƙila ya bar sheƙa, ya kuma nuna kansa ga mai farautarsa. Wani bincike da Harris da Haskell suka fitar a 2013, a Ekwador ɗin dai, ya nuna nau'i biyu na tsuntsayen kurmi suna ƙara yawan kuka bayan an kunna musu muryar da aka naɗa. Da aka yi ta kunna wa nau'i ɗaya kullum, sai suka saba, suka rage kulawa. Wasu na karanta wannan a matsayin albishir, wai ga shi ba ya damun su. Ni a nan ne abin ya fi tsaya mini a rai. Kuka yana aiki ne saboda yawancin lokaci gaskiya ne. Wannan amana ba jagora ya gina ta ba, tsuntsaye suka gina ta tsakaninsu tun kaka da kakanni, shi yana ɗiba ne kawai daga rumbun da bai zuba ko zangarniya ba. Haka yake a harshen mutane: maƙaryaci yana cin moriyar gaskiyar sauran jama'a, in irinsa suka yi yawa kalma ta zama iska. Ƙungiyar masu kallon tsuntsaye ta Amurka da kanta ta sa a ƙa'idojinta a taƙaita amfani da muryoyin nan, musamman inda baƙi ke yawan zuwa da kuma kan tsuntsayen da suka yi ƙaranci.

Akwai wata hanyar kira. Kusa da Mindo, arewa maso yammacin Kito, wani manomi mai suna Angel Paz ya yi haƙuri wajen shekarar 2005 yana ajiye wa wata tsuntsuwar ƙasa tsutsa. Irin ta ana ce musu antifita: jiki kamar ƙwai, dogayen ƙafafu, wutsiya kusan babu, ga tsananin ɓuya. A hankali ta saba da muryarsa, ya sa mata suna Mariya, in ya kira ta fito ta ci, baƙi na kallo. Dajin gidansu ya zama abin da ke kawo kuɗi yana tsaye, wasu wurare a Ekwador da Kolombiya suka kwaikwayi dabarar. A Niyasa ta Mozambik kuma, masu ɗibar zuma na ƙabilar Yawo suna da wani kira na musamman da suke yi wa tsuntsun da ke kai mutane ga amya. Binciken Claire Spottiswoode na 2016 ya nuna kiran yana ninka yiwuwar tsuntsun ya yi musu jagora. Su ɗauki zuma, shi ya ci kaki.

Na san za a ce Paz ma ya canza halin tsuntsuwar daji, ya koya mata jiran hannun mutum. Gaskiya ne, wannan ma abin dubawa ne. Amma a ma'aunin da muke kai, bambancin a fili yake. Kiran Paz alkawari ne, kuma da dabino a hannun. Mariya ta zo ta samu abin da aka ce za ta samu, ran da ba ta so ta ƙi fitowa. Mai lasifika kuwa tsoro yake kira da shi, wanda ya amsa ya koma hannu wofi da zuciya tana bugawa.

To laifin wa? Ba na son a ɗora shi duka a kan jagora. Sau da yawa shi ɗan ƙauyen ne, baƙon ya zo da kwana biyu da jerin sunaye, in bai ga abin da ya zo nema ba babu tukuici, gobe kuma wani jagoran za a ɗauka. Mai danna lasifika shi ne, amma mai buƙatar a danna shi ne wanda ya ɗauka kuɗinsa sun saya masa tsuntsu. Abin da kuɗin suka saya shi ne ranar mutumin da ya san dajin, da kunnensa, da damar gani. Dama kuwa tana iya faɗuwa.

Matsayina ke nan. Kunna wa tsuntsu murya ƙarya ce, ƙarama dai, amma ƙarya, kuma hukuncinta irin na sauran ƙananan ƙarairayi: tana neman dalili, dalilin kuma ya fi ƙarfin sha'awa. Mai ƙidaya don a kare daji yana da shi. Mai cike jeri ba shi da shi. Gyaran kuma daga aljihun baƙo zai fara: ya biya jagora cikakken haƙƙinsa ko an gani ko ba a gani ba, ya kuma yarda ya rubuta a littafinsa cewa wannan na ji shi, ban gan shi ba. Ran da masu biya suka yarda da haka, jagora ba zai ƙara buƙatar yi wa kowa ƙarya don ya ci abinci ba, mutum ko tsuntsu.