Hukuncin Yi Wa Yarinyar Da Ciwon Noma Ya Ci Wa Fuska Tiyata

TAMBAYA: Allah ya gafarta Malam, ina da 'ya mai shekara 9. Tana da shekara 4 ciwon nan da muke kira ciwon iska ya kama ta bayan ta tashi daga ƙyanda, ya cinye mata kuncin hagu da gefen leɓe. Allah ya raya ta, amma bakinta ba ya buɗuwa sosai, sai kunu take iya sha, kuma ta bar zuwa makarantar allo saboda tsokanar yara. An ce mana a Sakkwato ana gyara irin wannan kyauta. Yayana ya hana, ya ce canza halittar Allah ne da rashin yarda da ƙaddara, ga shi likitocin har da Turawa, kuma za su yanko nama daga jikinta su liƙa a fuska. Mene ne hukunci? Kuma ya halatta in karɓi zakka don kuɗin mota?

AMSA: Godiya ta tabbata ga Allah, tsira da aminci su tabbata ga Manzonsa. Ya ɗan'uwana, Allah ya ba 'yarka lafiya. Ka kai ta asibiti. Wannan aiki halal ne, kuma a halin da ka siffanta, na yarinyar da ba ta iya tauna abinci, ina ganin ya wajaba a kanka matuƙar kana da hanyar zuwa.

Yayanka tsoron Allah ne ya sa shi magana, sai dai ya ajiye dalilin a inda ba muhallinsa ba. Gaskiya ne aya ta 119 ta Suratun Nisa'i ta lissafa canza halittar Allah cikin abin da Shaiɗan ke umurni da shi. Hadisin Ibnu Mas'ud da ke cikin Bukhari da Muslim ma ya zo da la'ana a kan masu yin zane a fata da masu goge haƙora don fitar da wushirya. Amma hadisin da kansa ya ɗaure hanin da neman ƙarin kyau. Daga wannan ƙaidin Imam Nawawi ya fahimci cewa idan buƙatar magani ce ko kawar da aibi ta kawo aikin, babu laifi. To ka tambayi yayanka: da wace fuska aka haifi yarinyar nan? Da kuncinta cikakke aka haife ta. Ciwo ne ya canza ta, likita kuwa ƙoƙarin mayar da ita kusa da yadda Allah ya yi ta zai yi.

Akwai nassi a kan ainihin gyaran fuska. Sahabi Arfajatu ɗan As'ad an sare masa hanci a yaƙin Kulab tun zamanin jahiliyya. Ya sa na azurfa, ya yi masa wari, sai Annabi (SAW) ya umurce shi da ya sa na zinariya. Abu Dawud da Tirmizi da Nasa'i sun ruwaito. Ka dubi girman abin: zinariya haramun ce ga namiji, amma aka halatta masa ita don ya rufe ramin da ke tsakiyar fuskarsa. Mutum yana iya rayuwa ba hanci, kuma ba a ce masa ya yi haƙuri ya zauna haka ba. Shari'a ta ɗauki ciwon zuciyar wanda ake kau da kai idan an gan shi a matsayin cuta ta gaske. Yarinyar da ta bar karatun Alƙur'ani don dariyar sa'o'inta ta fi cancantar wannan rangwame.

Majalisar Fiƙihun Musulunci ta Duniya, a zamanta na 18 a Putrajaya ta ƙasar Malesiya a 2007, ta halatta tiyatar gyara aibin da aka haifi mutum da shi, kamar tsagaggen leɓe, da wanda ya same shi daga baya ta ƙuna ko haɗari ko ciwo. Tun a 1988 a Jidda ta halatta ɗauko wani sashe na jikin mutum a dasa a wani wurin na jikinsa, idan amfanin ya rinjayi cutarwar. Saboda haka naman da za a ɗauko daga goshinta ko ƙirjinta nata ne. Idan ya kama, jini ya gudana a cikinsa, ya zama fuska, ana wanke shi a alwala kamar sauran.

Maganar ƙaddara kuwa, wanda ya saukar da cutar shi ya saukar da maganin, kuma Annabi (SAW) ya yi umurni da neman magani a hadisin Usamatu ɗan Sharik. Haƙurin babba a kan ciwon jikinsa yana da lada. Amma waliyyi ba shi da ikon zaɓa wa yaro wahala da sunan haƙuri, domin an ɗora shi ne a kan maslahar yaron.

Addinin likita ba ya hana magani, abin da ake nema ƙwarewa da amana. Ranar hijira, Abdullahi ɗan Uraiƙiɗ ne ɗan jagoran Annabi (SAW), alhali yana kan addinin mutanensa. Asibitin Yara Masu Ciwon Noma (wato wanda kuke kira ciwon iska) na Sakkwato yana aiki tun 1999, ƙungiyar likitoci ta MSF kuma tana tallafa masa tun 2014, tare da ma'aikata 'yan ƙasa. Kyautar da ba a sharɗanta barin addini a kanta ba, halal ce. Abu biyu nake so ka kula da su. Ka sa a yi maka bayani da Hausa kafin ka sa hannu, domin aikin kan ɗauki fiye da zama ɗaya, kuma tabo ba ya ɓacewa duka. Ka shirya zuciyar yarinyar a kan haka. Sannan hoton da likita zai ɗauka don aikinsa babu laifi, amma yaɗa fuskarta don neman gudummawa sai da yardarka da tata. Talauci ba ya zubar da mutuncin mutum, kuma kana da damar ka ce a'a.

Zakka ta halatta gare ka idan kai mabuƙaci ne, bisa aya ta 60 ta Suratut Tauba. A damƙa maka ita a hannu, ka yi kuɗin mota da abincin zaman jinya. Ina kira ga mawadata su tuna da wannan ƙofa: aikin kyauta ne, amma iyali da yawa kuɗin hanya da barin gona ke tsare su a gida.

Akwai abin da ke ci mini rai, dole in faɗa. Wannan ciwo ba iska ba ce. Daga kumburin dasashi yake farawa, a bakin yaron da yunwa da ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro suka raunana, galibi ɗan shekara 2 zuwa 6, ya huda kunci cikin 'yan kwanaki. Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta sa shi cikin jerin cututtukan da aka yi sakaci da su a Disamban 2023 bayan Najeriya ta jagoranci neman haka, ta ƙiyasta cewa kusan 9 cikin 10 na waɗanda ba su sami magani ba suna mutuwa. Alhali a farkonsa magungunan kashe ƙwayoyin cuta da wanke baki da abinci mai gina jiki suna tsayar da shi. Duk wanda ya ga dasashin yaro yana jini, bakinsa yana wari, kuncinsa ya fara kumburi, ya yi masa addu'a yana kan hanyar asibiti, kada ya jira gari ya waye sau biyu. Limamai su faɗi wannan a kan mumbari.

Yayanka kuma ka karanta masa amsar nan cikin ladabi, ka roƙe shi ya raka ku. In ya ƙi, kai ne waliyyinta, haninsa ba ya ɗaure ka.

Wallahu a'alam.