Tsoro da Alkawari: Wanne Ya Fi Nauyi?

Hausawa sun ce alkawari kaya ne. To, in kaya ya yi nauyi har mai ɗauka ya ji tsoron ransa, halal ne ya sauke shi? Abin da ya faru a gasar zari-ruga ta Ƙasashe Biyar a 1972 shi ya sa nake wannan tambaya.

Ranar 30 ga Janairu, 1972, sojojin Birtaniya suka harbe mutum 13 a garin Derry. Bayan kwana uku, jama'a cikin fushi suka ƙone ofishin jakadancin Birtaniya a Dublin. Sai Sukotlan da Wales suka ƙi zuwa Dublin wasa, gasar ta watse ba zakara, alhali Ailan ta riga ta ci Faransa da Ingila har gidajensu. Da shekara ta zagayo, 1973, Ingila ta je Dublin, aka cinye ta 18 da 9, amma 'yan kallo suka miƙe tsaye suna ta yi mata tafi.

A ganina, waɗanda suka ƙi zuwa ba su yi laifi ba, gama rai amana ne, ba a caca da shi saboda ƙwallo. Sai dai kuma hasarar ta faɗa kan 'yan wasan Ailan ne, waɗanda ba su harbi kowa ba. Watau tsoro uzuri ne karɓaɓɓe, amma wani ke biyan kuɗinsa. Don haka, jama'a, wanda zai sauke alkawari, sai ya fara duba kan wa kayan zai faɗa.