Fasali Cikin Suturar Mata Da Fitarsu Neman Sani

Bismillahir Rahmanir Rahim. Bayan haka, ka sani ya kai muridi, Allah Ya datar da mu da kai, a shekarar 1947 Lalla A'ishatu, 'yar Sarkin Maroko Muhammadu na biyar, ta tsaya gaban jama'a a birnin Ɗanja, fuska buɗe, da tufafin zamani, tana kira a karantar da 'ya'ya mata. Kada tufarta ta shagaltar da kai ga barin kiran nan.

Mu mutanen Gafasa muna da abin koyi mafi kusa. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu, Allah Ya yarda da su, wadda ta rasu a 1864, takan ba kowace jaji malfa da jan rawani, ta jawo 'yan taru daga ƙauyuka zuwa karatu. Sun fita, kuma cikin sutura.

Sutura wajibi ce, zane ko abaya, matuƙar ba shara-shara, ba matsewa. Fuska da tafuka ba al'aura ba ne a mashhurin mazhabar Maliku. Amma masu barin matansu cikin jahilci, ko farillan alwala ba su sani ba, Shehu ya zarge su cikin Nurul Albabi. To, bayan lazimin la'asar, tambayi iyalinka farillan nan. Tamat.