Butar Moka da Tambayar Baƙo

Mutanen Keita sun daɗe da sanin Italiyawa. Tun 1984 aka buɗe furojen raya kwarin Keita da kuɗin gwamnatin Italiya, hukumar FAO na gudanarwa, aka yi shekaru ana jera duwatsu a tuddai, ana haƙa ramukan tare ruwa, ana dashen itatuwa, mata kuma su ne suka ɗauki mafi yawan aikin. Duk da wannan sabo, ɗan Keita ko Buza ko Madawa da tafiya za ta kai shi Italiya ya sauka a gidan haya na 'yan kwanaki, wata 'yar buta a kicin ce za ta fara ɗaure masa kai.

Moka ake ce mata, butar dafa kafe ce. Alfonso Bialetti ya fito da ita a 1933, ta alminiyam, mai kusurwa takwas, kuma da wuya ka rasa ta a gidan Ba'italiye. A teburin mai shayi na tasha, kafe ai cokalin Nescafé ne da ruwan zafi da madarar gwangwani, ka shanye kafin mota ta cika. Moka ba ta san wannan gaggawa ba. Ruwa ake zubawa a gindinta, kada ya wuce ɗan maɓallin fitar da iska da ke gefe. A cika mazurarin tsakiya da garin kafe, a baje shi kawai, kada a danna. A ɗaure saman tam, a ɗora a wuta kaɗan. Tururi ne zai tura ruwan sama ta cikin garin, da ka ji ta fara gurguri sai ka sauke. Wanda ya ƙure wuta, ɗaci da ƙauri zai sha. Duk mai haɗa shayi a kan gawayi, na ɗaya har na uku, ya san wannan haƙurin. Kayan aikin ne kawai suka bambanta.

Kalmomin da matafiyi ke bukata a nan ba su da yawa. "C'è la moka?", wato akwai moka? "Dov'è lo zucchero?", ina sukari? Wadda ta fi su amfani ita ce "Come si accende il fornello?", yaya ake kunna murhu, domin wasu gidajen murhun lantarki gare su irin wanda ba ya ɗumama alminiyam ko kaɗan, sai mutum ya yi ta tsayuwa yana zargin butar. Ka lura, dukkansu tambayoyi ne. Mu kuwa jin nauyin tambaya ya yi mana yawa, musamman maza a kicin, gara mutum ya ɓata kayan mai gida da a ce bai iya ba, alhali da bakinmu muke cewa matambayi ba ya ɓata.

Wajen wanki ma a tambaya. Italiyawa da yawa ba sa sa wa moka sabulu, ɗauraya kawai suke yi da ruwa su bar ta ta bushe. Baƙon da ya dirje ta da soson ƙarfe har ta yi ƙyalli, a ganinsa gyara ya yi, uwar gida kuwa ba lalle ta gode masa ba.