Kuɗin Haya a Jos: Halal Ne, Amma Ya Dace?

Tambayarmu ta wannan Juma'a ita ce: mutum ya gina gidansa da guminsa, ya ga masu neman ɗaki sun yi yawa, sai ya ninka kuɗin haya. Shin ya yi laifi?

Mai gida zai ce a'a, kuma yana da hujjarsa. Dukiyarsa ce, siminti da rodi da kwano duk sun tashi, shi ma yana da bakunan da yake ciyarwa. Mu 'yan kasuwa ne, mun san in kaya suka yi ƙaranci farashi na hawa.

To amma ciniki yakan zama na adalci ne idan mai saye yana da damar wucewa rumfar gaba. Ɗan haya a Jos yana da wannan damar? Tun rikicin Satumba 2001, da na Nuwamba 2008, da na Janairu 2010, garin nan ya rabu. Wasu sun sayar da gidajensu da araha, wasu sun yi musaya, kowa ya koma inda nasa suka fi yawa, Musulmi da Kirista duka. Mu muka cunkushe a Unguwar Rogo, Gangare, Rikkos, Dilimi da Bauchi Road. Ko da akwai ɗaki mai sauƙi a wata unguwa, tsoro ba zai bar magidanci ya kai iyalinsa can ba. Ke nan wani ɓangare na ƙarin da muke karɓa kuɗin tsoron ɗan'uwanmu ne. Wannan ribar ce ya kamata ta hana mu barci.

Wanda haya ta gagara kuwa, ina zai nufa? Sai bakin rafi. Ba mu manta ambaliyar Yuli 2012 ba, wadda ta ci rayuka da gidaje a Rikkos da Gangare da Unguwar Rogo.

Gwamnati na da nata nauyin, domin Dokar Filaye ta 1978 ta damƙa ƙasa a hannun gwamna. Amma kakanninmu da suka zo tudun nan zamanin haƙar kuza, masauki suka samu wajen waɗanda suka riga su zuwa. Haka fataken goro da shanu a Sabo ta Ibadan da Zangon Kumasi: mai gida ke saukar da baƙo har ya tsaya da ƙafarsa. Mutanen Madina ma da gidajensu suka tarbi masu hijira.

Me za mu iya? Masu gidaje su karɓi haya wata-wata ko bayan wata uku, maimakon shekara guda a dunƙule. Dillalai su sassauta la'ada. 'Yan kasuwa su kafa adashin gini, kamar yadda muke yi na jari. Mai hali ya yi waƙafin ko da ɗaki biyu ne don zawarawa da marayu, a rubuce, da shaidu. Sannan mu riƙa halartar zaman sulhu da maƙwabtanmu, domin ranar da kowa zai iya kama haya a ko'ina cikin Jos, farashi zai sassauta.

Kafin ka aika wa ɗan hayarka takardar ƙari, Alhaji, tambayi kanka: in ya fita, ina zai kwana? Allah ya ba mu ikon tausaya wa juna, amin.